Lardin Shazhou

Shazhou tsohon lardi ne na ƙasar Sin a zamanin sarakuna, kuma mazaunin mulkinsa shi ne garin Dunhuang, wani dausayi a ƙurewar yammacin Gansu ta yanzu, inda kogin Dang yake shayar da gonaki a tsakiyar hamada.

Mulkin Sin ya kafu a wannan wuri tun zamanin sarki Wu na daular Han, bayan an kori ƙabilun makiyaya na Xiongnu daga zirin Hexi, wato siririyar ƙasar da ta ratsa yammacin Gansu. A lokacin yankin yana da gundumomi shida, wato Dunhuang, Ming'an, Xiaogu, Yuanquan, Guangzhi da Longle, kuma ƙidayar shekara ta 2 miladiyya ta nuna gidaje 11,200 da mutane 38,335. Wannan adadi kaɗan ne ƙwarai idan an kwatanta da lardunan tsakiyar ƙasar, sai dai martabar wurin ta fi yawan jama'arsa, domin a gundumar Longle ne mashigar Yumen da ta Yang suke, inda fataken hanyar siliki suke rabuwa zuwa arewa da kudancin hamadar Taklamakan.

Daular Tang ce ta tabbatar da sunan Shazhou a shekarar 633, kuma gundumomi biyu kacal lardin ya ƙunsa: Dunhuang da Shouchang, wadda ta gaji tsohuwar Longle. Bayan tawayen janar An Lushan na 755 an janye dakarun yamma domin kare fadar sarki, lamarin da ya bai wa 'yan Tibet damar mamaye lardin kafin ƙarshen ƙarni na takwas. A 848 wani ɗan garin, Zhang Yichao, ya kore su, kuma zuriyarsa, sannan gidan Cao daga 914, sun riƙe mulki kusan da gashin kansu har daular Xia ta Yamma ta karɓe yankin a 1036.

Abin da ya bambanta Shazhou da takwarorinsa shi ne yawan takardun da suka tsira. A 1900 Wang Yuanlu, mai kula da kogunan dutse na Mogao, wuraren ibadar Buddha da ke kusa da Dunhuang, ya gano wani ɗaki da aka toshe tun farkon ƙarni na 11, cike da rubuce-rubuce dubbai. Ban da littattafan addinin Buddha, akwai rajistar gidaje mai ɗauke da sunan kowane magidanci da shekarunsa da iyakokin gonarsa, da takardun bashin hatsi, da ƙa'idojin rabon ruwan noman rani, waɗanda masana suke dogara da su wajen sanin yadda gunduma take gudana a zamanin Tang.