Gajiyar ƙarfe mara tsatsa

Gajiyar ƙarfe ita ce raunin da ke shiga ƙarfe a hankali idan ana ɗora masa nauyi ana saukewa, ko ana lanƙwasa shi ana miƙewa, har ya tsage ya karye, alhali nauyin bai kai wanda zai karya shi a karo ɗaya ba. Ƙarfe mara tsatsa, wato sitenles, wanda ke ɗauke da aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na sinadarin kuromiyam, shi ma bai tsira daga wannan ba. Injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, shi ne ya kafa harsashin binciken a shekarun 1850 zuwa 1860, inda ya gwada sandunan da ke riƙe ƙafafun jirgi, ya nuna cewa idan nauyin da ake maimaitawa ya ƙaru, adadin juyin da ƙarfe zai jure yakan ragu.

Nau'in sitenles da ya fi yawa a kasuwa shi ne 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, kuma halinsa ya bambanta da na baƙin ƙarfe. Idan aka ɗauki cokalin sitenles ana lanƙwasa wuyansa gaba da baya, za a ji wurin yana ɗaukar zafi, yana ƙara tauri, sannan wata siririyar tsaga ta bayyana kafin ya tsinke. Taurin yana zuwa ne saboda tsarin ƙwayoyin ƙarfen yana sauyawa daga wanda ake kira ostenait zuwa matensait, wanda ya fi ƙarfi amma bai kai na farko sauƙin lanƙwasuwa ba. Matensait yana kama maganaɗisu, shi ya sa gwajin da wasu masu saye ke yi da maganaɗisu don gane sitenles na ainihi ba abin dogaro ba ne: 304 na gaskiya, wanda a bisa al'ada ba ya kama maganaɗisu, yana iya kamawa a inda aka lanƙwasa shi.

Akwai kuma wata naƙasar da ke taruwa kaɗan-kaɗan idan nauyin ya fi karkata gefe ɗaya, kamar bututun da ke cike da matsi kuma yana zafi yana hucewa. A kowane juyi sai ya ɗan kumbura ko ya miƙe, ba ya komawa yadda yake.

A Legas matsalar takan tsananta saboda gishirin iskar teku. Gishiri yana huda siririn rufin da kuromiyam ke yi wa ƙarfen, ya bar ƙananan ramuka, kuma daga irin waɗannan ramuka tsaga take somawa. Masu walda a Agege da direbobin tanka da ke bin hanyar Apapa sun san cewa tsagar ba ta cika fitowa a tsakiyar farantin ƙarfe ba, sai a bakin walda, ko gefen hujin ƙusa, ko lungu mai kaifi, domin nan nauyi yake taruwa. Fuskar karayar takan nuna layuka masu lanƙwasa a jere, alamar matakan da tsagar ta bi, sai kuma ɓangare mai kaushi inda ragowar ya tsinke farat ɗaya.

Don aikin da ke kusa da ruwan gishiri, injiniyoyi sun fi zaɓen nau'in 316, wanda aka ƙara wa molibdenam kashi 2 zuwa 3. Nau'in 201 mai araha, wanda aka rage masa nikel aka sa manganis, yana da sheƙi iri ɗaya a ido amma ya fi saurin yin ramuka. Goge bakin walda ya yi sumul, da zagaye lunguna, da rage girgizar inji suna ƙara wa ƙarfen kwana ƙwarai.