Ruwa mai jin maganaɗisu wajen kafa turakun wuta: tambayoyin da na gaji da amsawa

Wai mene ne ruwan?

Mai ne da aka cuɗa da garin ƙarfe mai laushi, kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na cikinsa. Maganaɗisu na taɓa shi sai ya daskare kafin ƙiftawar ido, a janye ya koma ruwa. Jacob Rabinow ya gano shi a Amurka tun 1948.

Shi zai ɗaga turken?

A'a. Winci (injin jan igiya) da sandar ɗagawa ke ɗagawa. Aikin ruwan a cikin birki ne da shokozoba.

To in batir ya mutu kaya na sama fa?

Wannan tambayar ce ya kamata ku fara yi. Hatsarin haɗa turken babban layin wuta na 330kV gunduwa-gunduwa yawanci a fizga yake: winci ya tsaya kwatsam, ko iska ta kaɗa gunduwar, nauyi ya daki igiyoyin da ke riƙe da sandar lokaci guda. Birkin wannan ruwa yana ƙara riƙo a hankali gwargwadon wutar batir da aka tura wa kwayil (naɗaɗɗiyar wayar da ke haifar da maganaɗisun), bolt 12 zuwa 24, amfiya ɗaya ko biyu, sai fizgar ta lafa. Amma wuta na yankewa ruwan ya sake, riƙo ya tafi. Wasu na saka mayen ƙarfe na dindindin a ciki don ya riƙe ko ba wuta, kwayil kuma ya sassauta shi. Hakan ya fi, kodayake ya danganta da nauyin gunduwar da daɗewar da za ta yi a rataye, don zafi na rage masa ƙarfi. Ni dai ban yarda a cire birkin ƙarfe na winci ba, ko me mai sayarwa ya ce. A ɗaga kayan taƙi ɗaya daga ƙasa, a zare wayar batir da gangan, a ga abin da zai faru kafin kowa ya hau.

Ɗaya ruwan, wanda ke jin lantarki kai tsaye maimakon maganaɗisu fa?

Dubban bolt yake so, riƙonsa kaɗan, ƙura da danshi na ɓata shi. Ku bar shi.

An taɓa gwada shi a babban aiki?

A wayoyin gadar Tafkin Dongting a Sin, 2002, don hana su rawa. A kafa turaku bai zama ruwan dare ba.

Mun ajiye shi wata shida, ya lalace?

Kwantar da hankalinka. Garin ƙarfen ne ya kwanta a ƙasa. Motsa fistin na'urar sau da yawa ba kaya, duba sil (abin da ke tare ruwan) ko yana yoyo, don garin na cinye shi. Kuma don Allah a daina tsarma shi da baƙin mai.