Ma'anar "mianzi", kalmar da mai tantance aiki a ƙasar Sin ya kamata ya sani

A Sinanci, mianzi na nufin fuska, amma abin da Basine yake nufi idan ya faɗe ta shi ne girman da mutum yake da shi a idon jama'a, wanda muƙami, dukiya ko ilimi suka ba shi. Ana ba mutum ita, ana kare masa ita, ana kuma zubar masa da ita. A shekarar 1944 masaniyar al'adu Hu Hsien-chin ta raba ta da wata kalmar, lian, wadda ta shafi kyawun hali da riƙon amana, wato abin da ya fi kusa da mutunci a wurinmu.

Inda kalmar take da nauyi sosai shi ne wajen Turawan da ake turawa Sin su auna ko wani shirin lafiya ko na ilimi ya yi amfani. Bature ya saba ya tara mutane a ɗaki ɗaya, shugaba da na ƙasa da shi, ya ce kowa ya faɗi inda aka gaza. To, wane malami ne zai tona asirin shugaban makarantarsa a gaban baƙo? Sai ya ce "hai xing", ma'ana ba laifi. Jami'i kuwa idan ya ce "yanjiu yanjiu", wato za mu duba, sau da yawa a'a ce ya faɗa cikin ladabi. Baƙon sai ya rubuta cewa kowa ya gamsu, alhali kara aka yi masa, aka kuma rufa wa shugaba asiri.

Har a takardar tambayoyi ana ganin alamar wannan ɗabi'a. Binciken Chen, Lee da Stevenson na 1995 ya nuna ɗaliban Taiwan da Japan sun fi na Amurka zaɓar amsar tsakiya, wato wadda ba ta karkata ga yarda ko ƙi ba.

A ganina babban zalunci ne a kira wannan ɗabi'a ƙarya ko ɓoye gaskiya. Gaskiyar tana nan, hanyar isa gare ta ce daban. Ƙungiyar masu tantance ayyuka ta Amurka da kanta ta fitar da sanarwa a 2011 cewa sanin al'adar mutane yana cikin ingancin aikin. A Sin, wannan na nufin ka gana da mutum shi kaɗai, ka shigo ta hannun wanda ya yarda da shi, ku sha shayi kafin ka fito da takarda. Idan kuma rahotonka na ɗauke da suka, ka nuna wa shugaban a keɓe tukuna, kada ya fara jin ta a gaban ma'aikatansa.