Waiwaye: Kano a 2024, Shekarar Sarki Biyu

Shekarar 2024 ta buɗe wa Kanawa da hukuncin kotu. Ranar 12 ga Janairu, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba Kabir Yusuf na NNPP kujerar gwamna, bayan kotunan ƙasa biyu sun miƙa ta ga Nasiru Yusuf Gawuna na APC. Masu jar hula sun kwana suna murna, amma duk mai bin siyasar jihar ya san cewa da sauran rina a kaba, domin maganar masarauta tana jiran lokacinta.

Asalin rigimar ya koma 2019, lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta raba masarautar Kano gida biyar, ta ɗaga Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye, sannan a watan Maris na 2020 ta tuɓe Muhammadu Sanusi II ta naɗa Aminu Ado Bayero. Ranar 23 ga Mayu, 2024, majalisar dokoki ta soke waccan doka, gwamna ya sa hannu a ranar, aka mayar da Sanusi Gidan Rumfa. Kwana biyu bayan haka Aminu Ado ya sauka Kano da asuba, ya zarce ƙaramar fadar Nassarawa cikin rakiyar jami'an tsaro, ya kuma ci gaba da zaman fada. Tun daga nan gari ya wayi gari da sarki biyu, kowanne da dogarai da masu kai gaisuwa, kotun tarayya da ta jiha kuma suka riƙa fitar da umarni masu karo da juna, abin da ya zubar da ƙimar shari'a a idon talaka.

Da Babbar Sallah ta zo a watan Yuni, 'yan sanda suka hana hawa. Wanda ya san Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, da ƙurar dawakai da amon bindigogin gargajiya da kakaki, shi zai gane girman wannan shiru.

Ranar 1 ga Agusta zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe zuwa fashe-fashe, aka wawashe sabuwar cibiyar fasahar sadarwa ta hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC), aka sa dokar hana fita ta awa 24. Ƙananan yaran da aka kama ba su shaƙi iska ba sai a Nuwamba, bayan wasunsu sun yanke jiki sun faɗi a gaban kotu a Abuja.

Ɗan sanyin da aka samu daga ƙwallo ya zo: a Oktoba Ahmed Musa ya dawo Kano Pillars, ya ci Sunshine Stars ƙwallo biyu a wasansa na farko, magoya bayan Sai Masu Gida suka farfaɗo. A Disamba kuma UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, alhali shari'ar sarautar tana gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara.