Yawon buɗe ido a Guangzhou lokacin gajeren hutu

Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Canton, shi ne babban birnin lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin. Yana bakin Kogin Zhujiang, kimanin kilomita 120 arewa maso yamma da Hong Kong, kuma ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa sun haura miliyan 18. Akasarin baƙin da ke zuwa daga ƙasashen waje fatauci ne ke kawo su, amma birnin na cikin wuraren da Sinawa kansu ke tururuwa idan an samu hutun kwana uku zuwa bakwai. Mafi yawan abin da ya cancanci gani yana tattare ne a tsohon gari, cikin gundumomin Yuexiu da Liwan, inda mai kwana biyu ko uku zai iya zagayawa da ƙafa da jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Lokutan hutu

Tun 1999 gwamnatin Sin ta fito da tsarin hutun mako guda na ranar ƙasa, wanda ke farawa 1 ga Oktoba. A 2008 aka sake tsari, aka shigo da gajerun hutu na bukukuwan gargajiya: Qingming a farkon Afrilu, lokacin ziyarar kaburburan iyaye da kakanni, da bikin tseren kwale-kwale mai kan dodo wajen Yuni, da bikin tsakiyar kaka. Akwai kuma hutun ma'aikata na farkon Mayu. Don hutun ya yi tsawo, ana jawo ranakun ƙarshen mako a haɗa, daga baya mutane su biya da aikin Asabar ko Lahadi. Tunda kowa lokaci guda yake fita, tikitin jirgin ƙasa kan ƙare da wuri, layin shiga wuraren kallo ya yi tsawo.

Daga Afrilu zuwa Satumba damina ce mai zafi da gumi, wani lokaci har da guguwar teku. Oktoba zuwa Disamba sun fi daɗin yawo.

Kabarin sarkin Nanyue da tudun Yuexiu

An kafa garin da sunan Panyu a shekara ta 214 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin daular Qin. Da daular ta rushe, wani kwamandanta mai suna Zhao Tuo ya kafa masarautar Nanyue wajen 204 kafin miladiyya, ya mai da Panyu fadarsa, har daular Han ta ci ta da yaƙi a 111 kafin miladiyya. Sunan Guangzhou bai bayyana ba sai a shekara ta 226 miladiyya.

A 1983 ma'aikatan gini suna sassaƙe wani tudu mai suna Xianggang suka ci karo da manyan duwatsu a jere. Kabarin Zhao Mo ne, sarki na biyu na Nanyue, wanda ya rasu wajen shekara ta 122 kafin miladiyya, kuma ɓarayin kaburbura ba su taɓa isa gare shi ba. An gina gidan tarihi a kansa, aka buɗe a 1988, kuma baƙo yana iya sauka cikin ɗakunan dutsen da kansa. Abin da aka fi tsayawa kallo shi ne rigar da aka binne sarkin a ciki: ƙananan faifan koren dutsen nan na jed guda 2,291, an ɗinke su da jan zaren siliki, sun rufe shi daga kai har tafin ƙafa. An kuma sami hatiminsa na zinari da gawawwakin mutum 15 da aka binne tare da shi, ciki har da matansa huɗu. Ga mai bin tarihin fatauci, ƙananan kayan sun fi rigar magana: haurukan giwa na Afirka, da turaren lubban, da wata 'yar batta ta azurfa da ake kyautata zaton daga Farisa ta fito. Su ne shaidar cewa kayan ƙetare suna isa wannan gaɓa sama da shekara dubu biyu da suka wuce.

Tsallaken titi akwai lambun Yuexiu, inda ragowar ganuwar zamanin Ming take, tare da benen Zhenhai mai hawa biyar da aka gina a 1380, wanda yanzu gidan tarihin birni ne. A nan kuma gunkin awaki biyar yake, alamar garin. Tatsuniya ta ce wasu bayin sama biyar ne suka sauko a kansu da zangarniyar shinkafa, suka kawar da yunwa.

Masallacin Huaisheng da unguwar baƙi

A zamanin daular Tang, tsakanin 618 da 907, Larabawa da Farisawa sun san garin da sunan Khanfu. Hukuma ta keɓe musu unguwa a yammacin ganuwa, suna da shugabansu mai yi musu shari'a da jan salla. A tsakiyar wannan unguwa masallacin Huaisheng yake, kan titin Guangta, kuma yana cikin masallatai mafiya daɗewa a ƙasar Sin. Ruwayar Musulmin Sin ta ce an kafa shi a 627 ta hannun sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA). Masana tarihi ba su tabbatar da wannan ba, kuma littattafan tarihin Musulunci sun nuna a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Abin da rubutu ya tabbatar shi ne an sake gina masallacin a 1350, aka kuma sake a 1695 bayan gobara.

Ginin kansa irin na Sinawa ne, da rufi mai lanƙwasassun kusurwoyi da tsakar gida mai inuwa. Hasumiyar ce ta bambanta: zagayayya, sumul ba zane, tsayinta kimanin mita 36, tana tsukewa yayin da take yin sama, da matakala biyu masu murɗawa a ciki. Ana saɓani ko a zamanin Tang aka gina ta ko a na Song. A da bakin kogi yana dab da ita, jiragen ruwa kan yi amfani da ita wajen gane tasha, kuma a samanta akwai zakaran zinari mai juyawa da iska, wanda ke nuna wa matuƙa lokacin da iskar tafiya ta juyo. Yau kogin ya ja baya da nisa, gidaje sun kewaye ta. Galibi Musulmi ne kaɗai ake bari su shiga harabar.

Zaman unguwar bai kasance lafiya lau koyaushe ba. Rubutun Sinawa ya ambaci harin da Larabawa da Farisawa suka kai wa garin a 758. A 878 ko 879 mayaƙan ɗan tawaye Huang Chao suka karkashe baƙin 'yan kasuwa. Wata majiyar Larabci ta ce mutum 120,000, adadin da masana da yawa ke ganin an ƙara masa gishiri.

Kusa da lambun Yuexiu akwai masallacin Xianxian, inda kabarin da ake jingina wa Sa'adu yake cikin wani ɗan ɗaki mai ƙubba. Idan ana karatu a ciki murya kan yi amsa-kuwwa, abin da ya sa mutanen gari suka san shi da wannan siffa. Nan ne aka fi cika ranar Juma'a: Sinawa 'yan ƙabilar Hui, da Uighur, da Larabawa, da mutanen Pakistan, da fataken Afirka ta Yamma, kowa da shigar ƙasarsa.

Wuraren bauta na mabiya Buddha biyu suna kusa da Huaisheng, tafiyar ƙafa ce. Liurong an kafa shi a 537, yana da hasumiya mai kimanin mita 57, kuma sunansa ya samo asali ne daga wasu itatuwa shida dangin ceɗiya da mawaƙi Su Shi ya gani a wurin wajen 1100. Guangxiao ya girme shi.

Tsibirin Shamian

Daga 1757 zuwa 1842 Guangzhou ce kaɗai tashar da daular Qing ta yarda Turawan yamma su yi ciniki ta teku. An taƙaita su a wani siririn fili na bakin kogi mai gidajen ciniki goma sha uku, suna sayen ganyen shayi da siliki da tangaran ta hannun dillalan da hukuma ta amince da su. Da Turawan Ingila suka ga azurfarsu na tsiyayewa, sai suka koma shigo da ofiyom, wani kayan maye, daga Indiya. A Yunin 1839 jami'in sarki Lin Zexu ya lalata akwatin ofiyom sama da 20,000 a Humen, abin da ya haddasa yaƙin da ya ƙare da yarjejeniyar Nanjing a 1842. Gidajen cinikin sun ƙone a 1856. Titin da ya gaji sunansu, Shisanhang, yanzu kasuwar sarin tufafi ce.

A lokacin yaƙin ofiyom na biyu Ingila da Faransa suka karɓi wani tsibirin yashi mai suna Shamian, suka haƙa magudanar ruwa ta raba shi da gari, suka cike shi tsakanin 1859 da 1861. Ingila ta ɗauki kashi huɗu cikin biyar, Faransa sauran. Tsawonsa bai wuce mita 900 ba, a da gada biyu ce kawai ke shiga, kuma ana rufe ƙofofinsu da dare. A ranar 23 ga Yuni 1925 an harbe masu zanga-zanga sama da 50 a tsallaken magudanar. Sinawa da Turawan tsibirin, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗayan alhakin fara harbi. Gine-ginen bankuna da ofisoshin jakadanci da coci biyu suna nan a ƙarƙashin manyan itatuwa, kuma ranakun hutu angwaye da amare kan cika wurin suna ɗaukar hoto.

Zauren zuriyar Chen, wanda iyalan Chen na gundumomi 72 suka yi karo-karo suka gina aka kammala a 1894 don 'ya'yansu masu zuwa jarrabawar aikin sarauta, ya cancanci rabin yini saboda sassaƙar katako da tubali da ke ko'ina har kan tulluwar rufi. A titin Beijing kuma an shimfiɗa gilashi a tsakiyar hanya, ana hango tsofaffin daɓen titi na dauloli daban-daban, wani bisa wani.

Sabon gari

Hasumiyar Canton mai mita 600 an buɗe ta a 2010, shekarar da birnin ya karɓi wasannin Asiya. Nan ne cunkoson hutu ya fi tsanani. Jiragen shaƙatawa na zagaya kogi da dare, kuma masu yara kan tafi gidan namun daji na Chimelong ko dutsen Baiyun.

Abinci da zirga-zirga

Al'adar gari ita ce shan shayin safe da ƙananan kwanuka na dim sum, amma naman alade da kitsensa suna cikin yawancinsu. Gidajen abincin halal suna da alama a ƙofa, sau da yawa koriya da rubutun Larabci, kuma sun fi yawa a kewayen Huaisheng da unguwar Xiaobei. Xiaobei da Sanyuanli su ne matattarar fataken Afirka tun ƙarshen shekarun 1990, ciki har da 'yan Najeriya da Nijar da Mali da Gini. Ƙiyasin yawansu ya sha bamban ƙwarai daga majiya zuwa majiya. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, korar wasu 'yan Afirka daga gidajen haya da otal ta jawo ƙorafin gwamnatocin Afirka. Hukumomin Sin sun musanta nuna wariya.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1997, yana tsayawa kusa da duk wuraren da aka ambata. Biyan kuɗi galibi ta waya ne, da manhajar Alipay ko WeChat. Gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin, wasu kuma sai an yi rajista da fasfo kafin a je. Baje kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, yana farawa tsakiyar Afrilu da tsakiyar Oktoba, kuma zangon ƙarshe na farkon yakan haɗu da hutun Mayu, lokacin da kuɗin masauki ke tashi sosai.