Ƙarkon giyabos a motocin haɗa-da-kanka masu ƙarfin inji

Giyabos, wanda wasu ke kira akwatin giya, shi ne ɓangaren da ke karɓar juyin inji ya miƙa wa tayoyi daidai da abin da hanya ke nema. A motocin haɗa-da-kanka, wato waɗanda kamfani ke sayarwa a warwatse mai saye ya ɗaure abinsa a garejinsa, giyabos yana cikin sassan da suka fi saurin gajiya. Shasin motar an zana shi domin ita, injin an ƙara masa ƙarfi, amma giyabos kusan kullum na aro ne, an ciro shi daga wata motar iyali da ba a ƙera don tsere ba. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Asali

Harhaɗa mota daga sassa ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Kamfanin Steyr da aka kafa a Bauchi a shekarun 1970 ya yi ta haɗa taraktoci da manyan motoci, masana'antar Fijo ta Kaduna kuma ta fara fitar da 504 a 1975 daga sassan da ake kawowa daga Faransa. Bambancin kawai shi ne motar haɗa-da-kanka mutum ɗaya ne ke ɗaure ta, ba masana'anta ba.

Ingila ce cibiyar wannan sana'a. A 1957 Colin Chapman ya fitar da Lotus Seven, ƙaramar mota mai kujera biyu, aka riƙa sayar da ita a warwatse domin ta haka mai saye yake kauce wa harajin sabuwar mota. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau yana yi. Kamfanin Westfield ya biyo baya a 1982. Irin waɗannan motoci nauyinsu yakan tsaya tsakanin kilo 500 da 600, wato wajen rabin nauyin 504. Caterham 620R ta 2013 ba ta kai kilo 600 ba, amma injinta yana ba da ƙarfin doki 310.

Abin da ke karya haƙori

Masu sha'awar mota sun fi son zancen ƙarfin doki, amma haƙorin giya bai san doki ba. Abin da yake ji shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm, wato Newton-mita. Injin babur na Suzuki Hayabusa yana ba da doki sama da 170, amma murɗawarsa ba ta wuce Nm 160 ba, don da gudun juyi yake samun ƙarfinsa. Injin da aka ɗaura wa turbo kuwa yana iya ba da doki iri ɗaya da murɗawa kusan ninki biyu. Na biyun ne ke cin giyabos.

Lissafi zai fi nuna abin. A ce inji yana ba da Nm 200, giya lamba ɗaya kuma tana ninka shi sau 3.65, kamar yadda take a giyabos na Ford mai suna Type 9. Abin da ke fita bayan giyabos ya zama Nm 730. In aksul na baya ya sake ninkawa sau 3.92, tayoyi za su samu kusan Nm 2,860, wanda a kan taya mai matsakaicin girma ya kai tunkuɗar kusan tan ɗaya. Motar da duk nauyinta rabin tan ne da 'yan kai ba ta da abin danne taya har ta riƙe wannan ƙarfi. Sai tayar ta sulɓe, ta yi ƙara, ta yi hayaƙi. Wannan sulɓewar ita ce ke ceton giyabos, domin ƙarfin da taya ta kasa riƙewa ba ya taruwa a kan haƙora. Shi ya sa giyabos ɗin da zai mutu cikin wata guda a babbar mota yakan yi shekaru a ƙaramar.

A nan ne kuma mutane da yawa ke ruɗuwa. Mai mota ya gaji da sulɓewa, sai ya sayo faffaɗar taya mai laushi irin ta tsere, ya sa aksul mai kulle tayoyin biyu su ja tare, ya canza kuloci ya sa wanda ba shi da sifirin a tsakiya. Kowane ɗaya gyara ne mai kyau a kan kansa, amma ukun tare sun toshe ƙofar da ƙarfi ke bi ya fice. Daga ranar, duk fizgar da direba ya yi da sakin kuloci farat ɗaya a kan haƙoran giya take sauka kamar guduma. Haka nan in taya ta ɗaga a kan kunyar hanya direba yana kan totur, ta yi juyin banza a iska sannan ta dira ta cafke kwalta. Wannan bugu na ɗan lokaci ya fi murɗawar inji nesa ba kusa ba.

Boris kuma, wato zoben da sandar giya ke juyawa a cikinsa, tasa mutuwar a hankali take zuwa. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, in an ninka nauyin da boris mai ƙwallaye ke ɗauka sau biyu, rayuwarsa takan koma kashi ɗaya cikin takwas. Ƙarin kwata kacal yana rage ta zuwa kusan rabi. Wanda ya ƙara wa injinsa ɗan ƙarfi yana ganin abin bai taka kara ya karya ba, ya riga ya rage kwanan borisansa.

Sanannun giyabos da raunin kowanne

Type 9 mai giya biyar, wanda ya fito tare da Ford Sierra a 1982, shi ne ya daɗe yana riƙe da wannan fage saboda arha da ƙanƙanta. An yi shi ne don injin doki ɗari da 'yan kai. Rauninsa yana wajen borisan sandar ƙasa, wadda duk giyoyi ke bi ta kanta in ban da lamba huɗu. A lamba huɗu juyin yana wucewa kai tsaye ne daga gaba zuwa baya, don haka ita ce mafi ƙarfi, ta biyar kuwa ba a so a riƙa take mata totur har ƙasa a kan hawa. Samfurin da aka yi wa injin V6 mai lita 2.8 borisansa sun fi ƙarfi, kuma lamba ɗayansa 3.36 ce, wadda ta fi dacewa da mota mara nauyi. Da Type 9 ya yi ƙaranci, masu haɗawa da yawa, har da Caterham kansa, sun koma kan giyabos na Mazda MX-5.

Motocin da injinsu ke bayan direba, irin kwaikwayon Ford GT40, suna buƙatar giyabos da ya haɗu da aksul wuri guda. An yi amfani da UN1 na Renault sosai. Shi ne ma a cikin Lotus Esprit V8 ta 1996, inda aka tsayar da injin a doki 350 don kada ya fi ƙarfinsa. Masu hali sukan nemi G50 na Porsche 911, su kifa shi sama ta koma ƙasa domin juyin ya daidaita, abin da ke tilasta sake duba yadda mai zai kai ga kowane boris.

Masu ɗora injin babur a mota nasu lamarin daban ne. Giyabos ɗin yana cikin injin, mai ɗaya suke sha, babu ribas, kuma an yi shi ne don jan kilo ɗari biyu da wani abu, ga shi an ɗora masa ninki biyu. Ba zoben tagulla ke haɗa giyarsa ba kamar yadda yake a giyabos ɗin mota, wasu 'yan kunnuwa ne na ƙarfe da ke faɗawa cikin ramuka. Suna son a jefa giya da sauri da azama. Direba mai lallaɓawa shi ne ke cinye bakinsu, har lamba biyu ta fara fita da kanta. Ga kuma matsalar kwana: babur yakan kwanta, man ya zauna inda yake, mota kuwa ba ta kwanciya, sai man ya gudu gefe ɗaya famfo ya zuƙi iska.

Zafi da ƙura

Duk waɗannan motoci an tsara su ne a ƙasar sanyi. Ɗalibin injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko bakaniken Gombe da ya yi niyyar haɗa irinsu zai gamu da abin da Bature bai lissafa ba. A Maris da Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, kwaltar hanyar Bauchi zuwa Gombe kuwa ta fi haka. Giyabos yana matse a cikin siririn rami tsakanin kujeru biyu, salansa na wucewa kusa da shi, iska ba ta ratsawa. Mai in ya yi zafi sai ya tsinke, fatar da yake shimfiɗawa tsakanin haƙori da haƙori ta yi siriri, ƙarfe ya fara gogar ƙarfe. Doguwar hawa irin ta hanyar Jos ta ishi a gane ko motar tana buƙatar a tsare zafin salansa da faranti, ko ma a sa wa man giya ɗan lagireto nasa.

Zaɓen mai ma yana da ƙa'ida. Giyabos mai zoben tagulla yawanci man giya mai lamba GL-4 yake so. GL-5 na aksul ne, kuma sinadaran da ke cikinsa suna iya cutar da tagulla su sa giya ta riƙa gurzawa. Injin babur kuwa sai man babur, domin kulocinsa a cikin man yake iyo, wasu mayukan mota kan sa shi santsi. A lokacin hunturu ƙura tana shiga ta ƙaramar kafar numfashin giyabos, don haka ana jona mata tiyo a ɗaga bakinsa sama a sa masa mataci.

Ruwa ba ya tsami banza. Kukan da ake ji a kowace giya amma ya ɗauke a lamba huɗu yana nuni ga borisan sandar ƙasa ko na gaba. Gurzawa wajen shiga lamba biyu ko uku alama ce zoben tagulla ya cinye. In aka kwance noti na tsiyayar mai aka ga laushin garin ƙarfe a jikin maganaɗisunsa, wannan cin yau da kullum ne. In gutsattsari ne masu kaifi da ake iya ɗauka da yatsa, a sauke giyabos kafin a sake tayar da motar.