Takardar da ke jiran tsohon ma'aikaci har shekara 30

A watan Janairun 1974 kamfanin B.F. Goodrich ya sanar cewa ma'aikata uku na masana'antarsa da ke Louisville, a jihar Kentucky ta Amurka, sun mutu da wani irin ciwon daji na hanta wanda likita kan yi aiki har ya yi ritaya bai ga irinsa ba. Likitan masana'antar, John Creech, shi ya lura da abin. Aikinsu haɗa robar PVC ne, irin wadda ake bututun ruwa da ita, daga iskar sinadarin binil kulorayid. Waɗanda abin ya fi ci su ne masu shiga cikin manyan tukwanen haɗin suna kankare robar da ta daskare a bango, suna shaƙar iskar shekara da shekaru.

A shekarar nan hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato OSHA, ta rage iyakar sinadarin a iskar wurin aiki daga kashi 500 cikin miliyan zuwa kashi 1 tak a aikin awa 8. Ta kuma wajabta duba lafiyar ma'aikaci kyauta duk shekara, wanda ya kai shekara 10 a aikin kuwa duk wata 6.

To amma wannan cuta ba ta gaggawa. Takan kwanta shekara ashirin ko fiye kafin ta bayyana, sa'ad da mutum ya bar aikin, ya tsufa, wataƙila ko sunan abin da ya shaƙa bai sani ba. Shi ya sa a 1980 OSHA ta fito da ƙa'idar da nake ganin ta fi amfanar tsohon ma'aikaci, ta ajiye bayanai.

Abin da ta ce ke nan. Duk awon da kamfani ya yi na yawan sinadari mai cutarwa a wurin aiki, tilas ya adana sakamakon aƙalla shekara 30. Takardun lafiyar ma'aikaci kuwa a riƙe su tsawon zamansa a aikin, sannan a ƙara shekara 30 bayan tafiyarsa. Dole kuma a san sunan sinadarin, da inda aka yi amfani da shi, da lokacin. In an sayar da kamfanin, nauyin ya koma wuyan sabon mai shi. Wanda bai cika shekara ɗaya yana aiki ba, ana iya damƙa masa takardun lafiyarsa ranar da zai tafi.

Ba diyya ƙa'idar ke bayarwa ba, wannan hurumin dokokin jihohi ne da kotuna. Kuma abin da ke damuna, duba lafiyar da aka wajabta yana tsayawa ne ranar da mutum ya ajiye aiki, alhali sau da yawa daga nan ne ciwon ke fara kunno kai. Abin da ƙa'idar ke ba shi shaida ce: likitansa ya san inda zai duba, masu bincike kuma su iya gwada mace-macen tsofaffin ma'aikata da na sauran jama'a.

Tsohon ma'aikaci na da ikon neman takardunsa kamar wanda ke bakin aiki. Kamfani ya ba shi cikin kwana 15 na aiki, ko ya bayyana dalilin jinkiri, kuma kwafin farko kyauta ne. In rai ya yi halinsa, wakilinsa na shari'a, sau da yawa matarsa ko ɗansa, shi ke da wannan haƙƙin.